Turancin Iya Rabi

Kwana goma sha ɗaya ke nan Malam Ɗan'azumi bai taka majalisa ba.

A Gyadi-Gyadi majalisar take, gindin wata darbejiya, gefen teburin Garba mai shayi. Benci biyu da tabarma ɗaya. Shekara ashirin da ɗoriya, duk bayan la'asar, a bakin bencin dama yake zama, ya jingine sandarsa, a kwance masa bakin duniya kamar buhun gero ya yi ta aunawa. Tsohon direban babbar mota ne. Ya yi Agadas, ya yi Injamena, ya yi Garwa, kuma tun yana yaron mota labaran rediyo ba su taɓa wuce shi ba. Shi ya sa ake ce masa Sashen Hausa. In Amurka ta yi tari, shi ake tambaya ko mura ce.

Ashiru, ɗansa na fari, bai ga abin da ya faru ba. Ba ma zai yiwu ya gani ba, don ɗa ba ya zama a majalisar ubansa, balle ɗan fari. Garba ne ya ba shi labari ranar da ya tsayar da adaidaitarsa zai sha ruwa.

"Zakariyya ne, ɗan gidan Alhaji Lawan, wannan da ya dawo daga karatu. Ana maganar Sin da Amurka, Malam yana tsakiyar bayani, sai yaron ya ce, 'Baba, a yi haƙuri, wannan lissafin da ne. Yanzu duniya ta zama...' wata kalma dai ta Turanci, malti wani abu. Ya jefo wata, ya ƙara jefo wata. Malam ya ce mece ce? Ya ce ai ba ta da Hausa."

"Sai me?"

"Sai aka yi dariya. Ba ta mugunta ba fa. Amma da aka juya ana tambayar yaron, shi Malam an bar shi da kofi a hannu, rabi ya sha ya ɗauki sandarsa."

Ashiru ya ajiye kofin ruwan ya tafi.

A gidansu na Tarauni ya ga sauran labarin da idonsa. Daga ɗaki sai masallaci, daga masallaci sai ɗaki. Tuwon da ake shigar masa yana fitowa da rabi. Mutumin da muryarsa take kaiwa zaure in yana gyara wa mai karanta labarai sunan gari, yanzu ko tarinsa sai an kasa kunne. Iya Rabi, mahaifiyar Malam, wadda take wuni a tabarma ƙarƙashin tagarsa tana ɓarar gyaɗa, ita ta faɗi abin da kowa yake gani.

"Ubanka zai ruɓe a ɗakin nan. Wani in ya rasa abinci yake mutuwa, wani in ya rasa mai saurare."

Shekara biyar da gama sakandaren Ashiru. Turancinsa na ciniki da fasinja ne, da karanta allon hanya. Amma yana da fasinja guda ta kullum, Madam Clementina, wadda yake ɗauka da safe daga Ƙauyen Alu ya kai ta makarantar da take koyarwa a Daurawa. Haifaffiyar Kano ce, Hausarta har da karin magana. Wata takwas yana ɗaukarta, bayan gaisuwa bai taɓa ce mata uffan ba. Ran nan a danja ya juyo.

"Madam, akwai wata kalma ta siyasar duniya mai farawa da malti?"

Ta sauke wayarta ta dube shi. "Ashe kana magana? Multipolar. Duniyar da manyanta suka yi yawa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Wa ya jefe ka da ita?"

"Akwai irinta da yawa?"

"Kamar ƙasa."

"Ina son su."

"Duka?"

"Duka."

Uku take ba shi kowace safiya. Ta rubuta a bayan tsohuwar takardar jarrabawa, ta faɗa ya maimaita har sai bakinsa ya kama, sannan ta gaya masa ma'ana da Hausa. Shi kuma ya liƙe takardar da salatif a saman gilashi. Duk inda cunkoso ya tsayar da shi, idonsa na can sama, leɓensa na motsi. Wata tsohuwa da ya ɗauko daga kasuwar Tarauni har sa masa albarka ta yi, ta ce rabon da ta ga ɗan adaidaita mai wuridi har ta manta.

Cikin mako biyu ya haɗa kalma talatin da wani abu. Ya san ta ƙasashen da suke tasowa irin su Sin da Indiya da Turkiyya, ya san ta takunkumi, ya san ta danniyar babbar ƙasa. Ya tsara yadda zai yi: ya je majalisar nan ya zauna gaban Zakariyya, duk wadda ya jefo ya cafke ta ya mayar masa da biyu. Ya gaya wa Garba.

Garba ya tsaya da juya shayi. "Kai? A bencin ubanka?"

"Ai ba ya nan."

"Ba ya nan, amma bencin nasa ne. In ka kayar da yaron, a ce Ɗan'azumi ya kasa, ya aiko ɗansa ya rama masa. In yaron ya kayar da kai, a ce gida guda ya share. Ta ko'ina ka bi, kabari ka haƙa masa. Ashiru, wannan faɗan ba naka ba ne. Bakin da aka rufe shi zai buɗe."

Ranar ko fasinja bai ƙara ɗauka ba. Ya yi ta zagaye da adaidaita babu kowa a baya, takardun suna kaɗawa a saman kansa. Mako biyu yana wasa wuƙa, ashe ba hannunsa ne zai riƙe ta ba.

To ta yaya za ta kai hannun mai ita? Tun da aka haifi Ashiru, Malam bai taɓa kiran sunansa ba. "Wannan yaron" ne, ko "kai". Hirarsu mafi tsawo ita ce ina kwana, lafiya lau. Ɗan fari ya shiga ɗakin ubansa ya ce zauna in koya maka? Ko a mafarki.

Washegari bayan azahar ya dawo gida da wuri. Iya Rabi tana wurinta, tiren gyaɗa a cinya, labulen tagar Malam a sake a bisa kanta. Kunnenta ya yi nauyi shekaru da yawa, duk mai magana da ita sai ya ɗaga murya har maƙwabta su ji. Ashiru ya dubi tsohuwar, ya dubi tagar. Ya cire takalmi ya zauna.

"Tsohuwa, yau za ki shiga makaranta!"

"Ni? Kowace mace mijinta goro yake kawo mata, ni nawa ragon boko ya kwaso. Tashi ka ba ni wuri."

"Ki ce superpower!"

"In ce me?"

"Superpower! Ƙasar da ta fi ƙarfin kowa, in ta yi magana ko a ina kake sai ka ji a jikinka!"

"To ai wannan uwar mijina ce, Allah ya jiƙanta."

Ya yi mata biyar a ranar, kowace sau uku, da ƙarfi, da ma'anarta. Ta zage shi tas, ta jefe shi da ɓawon gyaɗa. Taga ba ta motsa ba.

Rana ta biyu ma haka. Sai dai da ya tashi ya lura an ɗage gefen labulen kamar faɗin tafin hannu.

A rana ta huɗu ya zo kan wata doguwa.

"Sphere of influence! Wato ƙasashen da babbar ƙasa take mulka!"

"Inna."

Daga cikin ɗaki muryar ta fito, a dushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ashiru ya sunkuyar da kai.

"Inna, ki gaya masa ba mulki ba ne. In mulki ne ai an gama magana. Ka shiga ƙasa da tutarta, da shugabanta, da takenta. Amma harshen da jandarma zai tsayar da kai da shi na wasu ne, madarar gwangwanin da ke kanti ta wasu ce, in shugaban ya yi zazzaɓi can ƙasarsu zai tafi. Ba su mulke ka ba, amma inuwarsu kake zaune. In wannan ake nufi, na kwana a cikinta ya fi sau ɗari."

Iya Rabi ta juyo. "Ka ji abin da ya ce?"

"Na ji, Iya."

"To ni ban ji ba."

Da safe ya maimaita wa Madam bayanin, kalma da kalma. Da suka wuce shatale-tale ta leƙo gaba.

"Wa ya gaya maka wannan?"

"Wani tsoho."

"Ka riƙe tsohon nan. Ni sunan na ba ka, shi ya ba ka abin. Yau ma da shi zan koyar."

Daga nan makaranta ta kankama. Ashiru ya kawo suna, Malam ya zuba masa nama, duk ta kan Iya. Wani lokaci sunan ne yake ƙi wa Malam zama a baki.

"Inna, ki ce ya sake faɗa, ba ki ji ba."

"Wannan kam na ji ta!"

"Ba ki ji ba, Inna."

"Oh ni Rabi! Na haifi ɗa, ya haifi ɗa, sun mai da ni gada kowa yana bi ta kaina. Maigida, sake faɗa, wai ban ji ba."

Ranar da aka zo kan proxy war, Ashiru ya ce yaƙin da manya suke yi da hannun ƙanana. Aka ji Malam ya matso jikin taga. Can ya ce, "Inna, kin tuna shekarar da na yi wata biyu ban dawo ba, ina yaron mota?"

Wannan ta ji. Hannunta ya tsaya a cikin tire.

"A hanyar Chadi aka tare mu. Samari ne, ba su fi ni ba. Ko takalmi wani ba shi da shi, amma bindigar da ke kafaɗarsa sabuwa fil, da rubutun da shi ma bai iya karantawa ba. Na tambayi ɗaya wa yake yaƙa, ya nuna min gabas. Na ce saboda me, ya ce oho. Ashe abin har suna gare shi."

Ranar ba a ƙara wata kalma ba.

Ana cikin haka aka yi haihuwa a gidan ƙanwar Malam a Daurawa, ana gab da suna aka zo aka ɗauke Iya Rabi kwana uku. Ashiru ya dawo bayan azahar ya tarar da tabarma a naɗe a jikin bango. Ya tsaya tsakar gida da takarda a hannu. In ya bari kwana uku suka wuce, wa ya san ko ƙofar da ta fara buɗewa za ta koma? Ya ɗauko tabarmar ya shimfiɗa a wurinta, ya zauna a gefe, ya bar inda take zama fili. Ya gyara murya.

"Iya, ki ce hegemony!"

Kaza ce kawai take tsattsaga a gindin rijiya. Sai labule ya motsa.

"Inna, ki ce ya bi a hankali. Wannan ƙaya gare ta."

Haka suka yi kwana ukun, su biyu da tabarma.

Wata Talata bayan la'asar Malam ya fito da wankakkiyar riga da hula zanna. Ya rame, rigar tana yi masa yawa a kafaɗa. Ya tsaya kan Iya, wadda ta dawo da ƙullin naman suna tana ɓoyewa kada jikoki su gani.

"Inna, ki ce masa ƙafata ba za ta kai Gyadi-Gyadi ba yau."

Bai taɓa shiga adaidaitar ɗansa ba. Ya zauna a baya, sanda tsakanin gwiwoyi. Ta madubi Ashiru ya ga idonsa ya hau kan takardun da suka cika saman gilashi, jere a kan jere, wasu rana ta cinye tawadarsu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya mai da fuskarsa titi. Kafin kwanar majalisa ya buga sanda a ƙasa sau biyu, Ashiru ya tsaya, ya sauka ya ƙarasa da ƙafarsa.

Ya kamata Ashiru ya wuce. Maimakon haka ya zagaya ta baya, ya tsaya wurin mai faci, inda katanga ta kare shi daga benci amma ba ta tare murya. Ya ce a duba masa tayar baya.

"Sashen Hausa!" wani ya yi ihu. "An dawo da tashar?"

Aka yi ta gaisuwa. Ta tsagar katanga Ashiru ya hango Zakariyya, siriri mai tabarau, zaune daidai bakin bencin dama. Ya miƙe da sauri zai ba da wuri. Malam ya ce, "Zauna abinka," ya nemi gefen bencin hagu ya zauna.

Ba a jima ba hira ta koma inda take komawa. Zakariyya ya ce zamanin ƙasa ɗaya ta juya kowa ya wuce, ga Sin, ga Indiya, ga wasu suna tafe, duniya ta zama multipolar, kuma ƙasashe irin namu su ne za su sha romo.

"Wato kana nufin," in ji Malam, "an gama da... hajimoni."

Dariya ta tashi. Wani har da tafi. Ashiru ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a baya. Ya damƙe ƙarfen adaidaita.

"Hegemony, Baba," in ji Zakariyya, yana murmushi.

Ashiru yana jiran ƙarar sanda, alamar Malam ya tashi. Bai ji ba.

"Sake faɗa," Malam ya ce.

Ya sake. Malam ya maimaita, bai dace ba. Ya kuma maimaitawa, ta zauna.

"Madalla, na gode. To tunda mun daidaita bakinta, mu shiga cikinta. Na yi lodi a tashar da shugabanta ɗaya ne. Azzalumi ne, amma shinge ɗaya ne, ka gaishe shi ka wuce. Ya faɗi, muka yi murna. Mutum biyar suka gaje shi, kowa da shingensa, kowa da yaransa, in ka gaida wannan wancan ya ce kai na wane ne. Manya sun yi yawa, na yarda. Ka gaya min inda mai ƙaramar mota ya huta."

Dariyar ta ɗauke. Zakariyya ya gyara tabarau, ya matso gaba.

"Amma Baba, in biyar ne kana da zaɓi. Wannan ya matsa maka, ka koma wurin wancan."

"Ka taɓa yin zaɓi da tumatir a bayan mota yana ruɓewa? Mai zaɓi shi ne wanda zai iya jira. Mu za mu iya jira?"

"To ai shi ya sa ƙananan za su haɗa kai!"

"Yauwa! Yanzu ka zo wurin. Su wa da wa? Lissafo min su, in gaya maka wanda zai fara zamewa."

Majalisa ta rabe biyu. Wani tela ya bi bayan Zakariyya, wasu dattawa biyu suka bi Malam, na tabarma suna ta "Malam, to Turkiyya fa?", "Zakariyya, ba shi amsa mana!" Yaron bai faɗi ba, yana da karatu kuma yana da baki. Amma muryar Malam ta koma yadda take, har ƙetaren titi ana jin ta, yana buga sanda a ƙasa yana cewa a bar shi ya ƙarasa.

"Direba," in ji mai faci, "sau uku ke nan ina duba tayar nan. Wallahi ta fi ni lafiya."

"Duba ta gaba."

Rana ta yi sanyi sosai sa'ad da Garba ya zagayo bayan katanga, yana goge hannu a jikin riga. Ya miƙa wa Ashiru wani yagaggen kwalin sukari.

"Malam ya ce a ba direban adaidaitar can da ya laɓe kamar ɓarawon kaji. Yaron ya jefo sabuwa, Malam ya ce bai san ta ba, a gaban kowa fa, ya sa shi ya rubuta da hannunsa. Ya ce yana son ta kafin la'asar ɗin gobe."

Ashiru ya duba. Doguwa ce, kalma biyu a haɗe, ko karanta ta bai iya yi daidai ba.

"In jira shi?"

"Ya ce ka kama gabanka. Zakariyya zai kai shi gida a motar babansa, wai ba su gama ba."

Ashiru ya ninke kwalin ya sa a aljihun gaba. Gobe da safe zai ga Madam, amma safe ta yi masa nisa. Ya tayar da adaidaita. Wasu mata biyu suka ɗaga masa hannu a bakin titi suna kiran Tarauni, ya girgiza musu kai, ya karya kan mashin ya nufi Ƙauyen Alu, unguwar Madam.